Hancin Jikar Tak Dalsu

Akwai ciwon da ke kama mutum idan ya ƙware a abu ɗaya, sai ya ɗauka duniya duka abin nan ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma babban sanin da bai san iyakarsa ba ya fi shi ɗaure wuya. Shi ya kama maƙwabcina Tak Dalsu, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara saba'in, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

A zamanin da shanu ke jan garma a kwarinmu, Dalsu ne mai huda hancin maruƙa. Da yatsa biyu yake laluben wuri mai laushi tsakanin ƙofofin hanci, ya soka tsinken itace, ya zura ƙawanyar da ya lanƙwasa a wuta, ya shafe ciwon da daddawar waken suya daga randar gidansa. Kullum da safe a juya ƙawanyar don kada ta manne, shi ke nan. Tarakta ta zo ta kori shanun, ta bar Dalsu da yatsu biyu ba hancin da za su lalube.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni. Cikin jikokinsa biyar guda ɗaya ce ke tuna hanyar ƙauye, Dasom, 'yar shekara ashirin da biyu. Bana ta zo daga birnin Degu da jaka biyu, ta ce za ta zauna da shi har bikin Cusok, bikinmu na girbi, ta taya shi tsinkar barkono. Wata biyu cur. Dalsu ya share ɗakin matarsa da hannunsa, ya yi ta shiga yana fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Kwana biyu da zuwanta ya leƙo ta katanga, ya ce in zo in duba masa idonsa. Wai da asuba ya hangi ƙarfe yana walƙiya a hancin yarinyar lokacin da take wanke fuska, da aka zauna cin shinkafa kuma babu komai. Na bi shi gona. Na gaisa da Dasom, na ƙare wa hancinta kallo har ta tsargu. Hanci ne kamar na kowa. Na ce masa tsufa ne. Washegari ya sake gani, ya sake rasawa. Ya fara tambayata ko haka ruɗewar yayansa ta soma, da ganin abin da babu. Ni ma dai na fara shakkar nawa idon, don da yamma na hango wani abu ya yi ƙyalli a fuskarta, kafin in gyara tabarau ta juya baya.

A rana ta huɗu ya same ta bayan randuna ta tsoma hanci cikin ƙaramin kofin ruwan gishiri kamar agwagwa. Ta ɗago, ga ƙarfe nan, lanƙwasasshe, da 'yan ƙwallaye biyu a bakinsa. Ashe juya shi take yi sama ya ɓuya cikin hanci idan za ta fito gaban manya. Ina tsaye a bakin katanga na ji ya tambaye ta, da murya ƙasa ƙasa:

"Wa ke riƙe da igiyar?"

"Wace igiya, Kaka?"

"Ba a huda hanci sai da mai ja. Saurayi ne? Ko wata ƙungiya kika shiga?"

Dariya ta yi har ruwan gishirin ya zube. Ta ce ba mai janta, ado ne, ita ta kai kanta, ita ta zaɓi ƙarfen. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai. Shi a saninsa maraƙi sai ƙarti uku sun danne shi, ga jikarsa ta hau mota da ƙafarta ta je ta miƙa hanci. Ya sa ta ɗaga kai ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce wanda ya yi aikin ya san wurin, bai taɓa guringuntsi ba, ɗan wane gida ne? Ta ce mace ce, sa'arta. Dalsu ya koma ya zauna kan randa.

Ta zayyana masa dokokin da aka ba ta. Ruwan gishiri safe da yamma. Ba a taɓawa da hannu, ba a ɓare ɓawon, ba a shafa komai, sai ya yi wata biyu ko uku. Ta ce ko juyawar da take yi don ɓoyewa ma an hana ta, kunyarsa ce ta sa, yanzu da ya gani ta huta. Duk wata doka da ta faɗa kishiyar tasa ce. Ya ce ƙawanyar da ba a juyawa mannewa take yi. Ta ce ta saniya ke nan. Ya ce hanci hanci ne.

Da ya zo wurina shan farar giyar shinkafa da yamma, na ce masa in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi, kuma ba hancinsa ba ne. Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau bishiya ba zai hango ba. Na ce babban da bai iya bambance ƙarfe da ruɗewar tsufa ba kwana huɗu? Ya ajiye kwanon ya tafi.

Aka shiga shanyar barkono. Ƙurarsa ta sa yarinyar atishawa, wurin ya ɗan yi ja, ɓawo ya taru jikin ƙarfen. Ta ɗauki hoto ta aika wa mai hujin ta waya, aka ce ba komai, ta rufe hanci da ƙyalle in tana aiki, ta ci gaba da ruwan gishiri. Dalsu kuwa bai ga yadda za a duba hanci daga Degu ba tare da an taɓa shi ba. Sau uku yana kawo mata daddawa a cokali, sau uku tana cewa, "Kaka, a miya nake son ta."

Ranar da abin ya faru, rana ta take, sun tsinki barkono tun safe. Dasom ta kwanta kan dakalin katako ƙarƙashin itacen kanya, barci ya kwashe ta. Dalsu ya buɗe randa ya lakato daddawa da yatsa. Bai wanke hannu ba, hannun da ya wuni cikin barkono, don shi fatarsa ta daina jin yaji tun kafin a haifi ubanta. Ya durƙusa, ya kama ƙarfen da yatsun nan biyu, ya murɗa shi dama da hagu har ɓawon ya tsage, ya cusa daddawar ciki.

Ƙarar da ta yi har karnukan ƙasan kwari suka amsa. Na tarar da ita durƙushe gaban famfo, jini da hawaye da daddawa sun haɗu, shi kuma yana tsaye da yatsa a sama yana ce mata haka ake yi, zafin na rabin yini ne, maraƙi ma yana harbi da farko.

Bai zama rabin yini ba. Kwana biyu hancin ya kumbura har ya fara haɗiye ƙwallayen, zazzaɓi ya rufe ta. Ni na raka su ƙaramin asibitin gunduma a motar safe. Likita ya yi fama kafin ya cire ƙarfen, ya matse mugunya, ya tambayi abin da aka sa wa ciwon. Dasom ta yi shiru, tana rufa wa kakanta asiri. Da Dalsu ya bar shirun nan, da wataƙila ta huce. Amma sai ya matso gaba, ga mutane cike da benci suna saurare, ya ce shi ya sa daddawa, kuma ya huda maruƙa sun fi ɗari uku ba wanda hancinsa ya ruɓe, sai dai in naman wannan ne ba shi da kyau.

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. Dasom ta dube shi ta saman audugar da ke fuskarta.

"Kaka, ni ba maraƙinka ba ce."

Ya juyo wurina, da gaske yake tambaya, wai me ya faɗa da ba daidai ba? Na ce garin gyaran gira ka tsone ido, yanzu kuma kana neman a yaba maka yatsa.

Dasom ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Da muka koma ta ninke bargon kakarta, ta wanke kwanonin rana, ta rusuna ta yi masa sallama yadda ya kamata, ta bi motar yamma. Har yau yakan tare ni a bakin katanga ya ce shi dai bai gane ba, daddawar shekara uku ce, mai kyau, ko gishirinta ne ya yi yawa?

Ga abin da ya rasa. Cikin kwana sittin da ta yi masa alkawari, goma sha ɗaya ya samu. Barkonon kunya huɗu ya ruɓe a tsaye don hannu biyu ba su isa ba. Cusok ya zo, uwarta ta zo, ƙannenta suka zo, ita ba ta zo ba, kuma ɗakin da ya share da hannunsa yanzu buhunan taki ne a ciki.