Ranar da Gangar Thisuri ta Sha Ruwa

Gunasoma yana fama da lemarsa da ta ƙi rufuwa sai Mista Ekanayake ya hango shi daga rumfar iyaye, ya shiga ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da bas. Ba yadda ya iya, ya hau matakala ya zauna kusa da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna aiki a ofishin filaye ɗaya a garin Kurunegala, teburinsu na kallon juna, 'ya'yansu mata kuma suna ajin ƙarshe a makaranta guda. 'Yar Ekanayake ce ke riƙe sandar jagora a gaban 'yan badujalar makarantar, kuma tun safe babu wanda ya zauna a rumfar nan bai ji wannan labari ba.

Ekanayake ya kwance murfin fulas, ya zuba shayi a ciki, ya kurɓa, ya ƙara cikawa ya miƙo masa, yadda suka saba kullum ƙarfe goma a ofis. Ya ce yau dai an ga Gunasoma a filin gasa, lallai shi ya sa aka kwana ana ruwa.

Gunasoma ya yi murmushi ya karɓa. Gaskiya ne, shekara uku 'yarsa Thisuri tana kiɗa a makaranta, bai taɓa zuwa kallo ba. In ba ciwon kai ba, to aiki ya yi yawa. Dalilin gaskiya kuwa matarsa Malkanthi kaɗai ta sani.

Shi ɗan makaɗa ne. Ubansa da kakansa su ke kaɗa ganga a gidan ibadar ƙauyensu safe da yamma, kuma tun yana ɗan shekara shida aka rataya masa tasa. Ya san yadda ake kiran su gidan manya a yi biki, su kaɗa har hannu ya fashe, sannan a ba su abinci a bayan gida, a zuba musu ruwa a ɓawon kwakwa don kada bakinsu ya taɓa kofin masu gida. Yana shekara goma sha bakwai ya bar ƙauyen. Ya yi karatu, ya sauya sunan gidansu, ya sa aka buga sabon a jarida, ya ɗaura lakataye. Thisuri ta tashi da sanin kakanta manomin shinkafa ne da ya rasu tun ba a haife ta ba. To ka ji mutumin da 'yarsa ta dawo gida wata rana tana tsalle, wai an zaɓe ta ta riƙe babbar ganga. Ya yi faɗa, ya ce ta koma sarewa. Malkanthi ta ce masa 'ya'yan likitoci ma yanzu ganga suke bugawa a makaranta, in ya matsa yarinyar za ta tambayi dalili. Dole ya haƙura.

Yau ce gasar ƙarshe ta lardi, kuma ita ce ta ƙarshe da Thisuri za ta yi. Shirinsa mai sauƙi ne: ya zauna, ya tafa, ya koma gida yadda ya zo.

Makaranta ta huɗu tana cikin fili, yara maza cikin jajayen riguna suna taku da ƙahonni, sai wayar Gunasoma ta yi ƙara. Malkanthi ce. Ta ce su zo bayan rumfa yanzu, tamfol ɗin motar kaya ya yage a hanya, ruwa ya taɓa ganguna. Ekanayake shi ne shugaban kwamitin iyaye, don haka kafin Gunasoma ya kashe wayar har ya miƙe yana jan hannunsa.

Bayan rumfar taɓo ne da masu sayar da shayi da kwakwa. 'Yan mata talatin sun yi cirko-cirko cikin fararen kaya da jan ɗamara. Sauran gangunan da sauƙi, suna ƙasa. Ta Thisuri ce a sama, doguwar nan mai ƙaton ciki da ake bugawa da hannu ta baki biyu, ita ta sha ruwan. Yarinyar ta buga, gangar ta amsa buf, kamar an doki katifa. Malama Dilrukshi mai kula da su ta iya ƙaho da taku, amma ɗaurin ganga ba nata ba ne, kuma mutumin da ke zuwa ya ɗaure musu yana can ruwa ya tare motar da ya hau. Saura minti ashirin a kira su. A tsakiyar wasan akwai wurin da kowa zai tsaya cak Thisuri ta kaɗa ita kaɗai, kuma a kansa suka gina komai.

Thisuri ba ta yi kuka ba. Ta dai rungume gangar tana kallon ƙasa, wannan kuwa ya fi kukan taɓa zuciyar ubanta.

Ekanayake ya ce abin ai ba wuya, abin da ya jiƙe wuta yake so. Ya karɓe gangar daga hannunta, ya nufi wurin wani tsoho mai shayi, ya kara fatar dab da harshen wutar risho yana juyawa kamar mai gasa masara. Mutumin kirki ne Ekanayake, sai dai bai taɓa ganin abin da ba zai iya ba.

Gunasoma ya san abin da zai biyo baya. Tsakiyar fatar za ta bushe ta ƙandare, gefe yana jiƙe, bugu uku masu ƙarfi ta dare a gaban alƙalai. Ya cusa hannuwansa cikin aljihu. Ya kalli Malkanthi, ta kawar da kai, ta bar shi da abinsa. Shekara talatin da ɗaya yana gina mutumin da ake ce wa Mista Gunasoma, kuma abin da ake bukata don mutumin ya tsira shi ne ya yi shiru na minti biyu kacal. Sai ƙaurin fata ya bugi hancinsa.

"Ɗauke ta daga nan," ya ce. "Za ka kashe ta."

Ekanayake ya waigo yana dariya, ya ce shi kuma yaushe ya zama likitan ganga. Gunasoma ya tuɓe takalmansa a cikin taɓon nan, ya haɗa tafukansa a ƙirji ya sunkuyar wa gangar da kai, sannan ya karɓe ta. Bai yi niyyar yin haka ba. Jikinsa ne kawai bai yarda ya taɓa ta da takalmi ba, ko ba gaisuwa.

Ya zauna a kan wani buhu, ya tokare bakin gangar da tafin ƙafa, ya fara jan igiyoyin fatar. Ba ya bin su a jere. Ya ja wannan kaɗan, ya juya ya ja wadda ke fuskantarta, ya sake juyawa, don fatar ta miƙe daidai ta kowane gefe. Ya ce a samo masa busasshen ɓawon kwakwa a kunna. Da ya kama, ya riƙe gangar nesa da shi kamu guda, yana murza fatar da tafin hannu, ya saurara da kunne, ya ƙara ja. Lakatayensa ya shiga taɓo bai sani ba. Minti goma sha biyu ya yi yana wannan aiki.

Sai ya gwada. Da a bugu ɗaya ya tsaya, da ya wadatar, amma yatsun da aka ɗaure shekara talatin ba su san wadatarwa ba. Suka zuba a guje ta baki biyu, gangar ta buɗe murya tas, har yaran wata makaranta da ke jiran layi suka juyo.

Tsohon mai shayi ya ajiye ludayinsa. "Wannan hannun ba a makaranta aka koye shi ba," ya ce. "Ɗan wane gida ne kai, Mista?"

Gunasoma ya miƙa wa Thisuri gangar ba tare da ya kalli idonta ba. Aka kira sunan makarantarsu a lasifika, Malama Dilrukshi ta kora su suka wuce.

Shi da Ekanayake suka koma mazauninsu. Yaran suka shigo fili layi-layi, sanda na juyawa a gaba, sarewa da ƙahonni suna bi, suka ratsa juna suka sake haɗuwa ba wadda ta yi tuntuɓe duk da santsin ciyawar. Sai suka tsaya cak. Thisuri ta fito taku uku, ta ɗaga hannu.

Tun bugu na biyar Gunasoma ya gane kiɗan. Wannan ba kiɗan makaranta ba ne. Kiɗan yamma ne da ubansa ke yi lokacin da ake kunna fitilu a gidan ibada, da wani ɗan jinkiri a hannun hagu wanda gidansu kaɗai ke yin sa. Bai taɓa koya wa kowa ba, bai taɓa kai yarinyar ƙauyen ba. Ya zauna baki buɗe, hawaye na bin kumatunsa, ga kunya ga daɗi, ya rasa wanne zai ji. Filin ya ɗauki tafi.

Ana jiran sakamako Ekanayake ya dafa kafaɗarsa, ya ce yau ya ceci makaranta, za a ambaci sunansa a taron iyaye. Ya ce ashe abin gado ne, ai ba komai, yanzu zamani ya canja, kowa ɗaya ne. Yana faɗar haka yana kwance murfin fulas. Ya zuba ya sha. Sannan ya leƙa jakarsa, ya lalubo wani kofin roba, ya zuba sauran a ciki ya miƙo. Fuskarsa a sake take, da alama shi kansa bai san ya yi ba.

Gunasoma ya kalli kofin. Abin da yake guje wa tun yana saurayi ke nan, ga shi ya iso, kuma bai fi girman tafin hannu ba. Ya yi godiya ya ce ya ƙoshi.

Na biyu suka zo. Yaran suka yi ta tsalle kamar su ne na ɗaya. A bas ɗin makaranta iyaye suka cika gaba, Ekanayake na rungume da kofin gasar. Thisuri ta ƙi yarda a mayar da gangarta motar kaya, ta zauna can baya tsakanin iyayenta da ita a cinya. Sun wuce tafkin gari kafin Gunasoma ya tambaye ta a ina ta samo kiɗan nan.

"A wurinka mana, Baba," ta ce. "Kullum in kana jiran Mama ta zuba abinci shi kake yi a kan tebur. Tun ina ƙarama. Malama ma ta ce in tambaye ka sunansa, na ga ba ka son maganar ganga."

Malkanthi ta juya tana kallon taga, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa ya dubi yatsunsa kamar yau ya fara ganin su. Ya sauya suna, ya sauya gari, ya ƙirƙiro wa yarinya kaka manomi, ashe kowace rana yana faɗa mata gaskiya a kan teburin cin abinci.

"Sunan kakanki Ukkuwa," ya ce. "Bai taɓa riƙe fartanya ba. Makaɗi ne, kuma kiɗansa ne kika yi yau."

Thisuri ta dube shi. Ta tambaya a hankali ko ta yi daidai.

Ya ce ta yi, sai dai wuri ɗaya. A tebur hannun hagu ba ya fita sosai, shi ya sa ta tsallake bugu guda a kowane zagaye. Ya leƙa gaba, ya hango ƙeyar Ekanayake da ta sauran iyayen. Sannan ya sunkuya ya zare takalmansa, ya tura su ƙarƙashin kujera.

"Miƙo ta nan," ya ce. "Ki kalli hannun hagu."