Shaidar Maman 'Yan Biyu

"To, mun shirya," in ji Maman 'Yan Biyu, tana tsinka zare da haƙori. "Ka kwashe mini yaran nan kullum har hutu ya ƙare, ni kuma ranar da mutanen naka suka kira, in wanke ka tas."

"Ki ce musu na daɗe ina yi," in ji Mai Fasfo.

"Zan ce tun kana goye kake reno."

Ina zaune a bencin shagon ɗinkinta ina jiran wandona, a kunnena aka ƙulla.

Mai Fasfo ɗan ƙanwata ne. Tun da ya yi fasfo bai ƙara fita ba sai da shi a aljihun gaba, ko da aski za shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya hango aiki a ƙasar waje, a wani sansanin hutun yara, inda masu hali ke biya a kai 'ya'yansu daji su kwana a tanti. Abin da mu muke kira rashin muhalli, su can shaƙatawa ne.

Izinin aiki kuwa ba ya fitowa sai sansanin ya tsaya maka. Sansanin ba ya tsaya maka sai 'yan sanda sun ce ba ka da laifi, likita ya ce ba ka da tari, sannan wani ya shaida ka taɓa kula da yara. Biyun farko ya samu. Na ukun ne ya kawo shi gaban tela mai 'ya'ya biyar. Ni da na tsufa ina tsallaka iyakoki da babbar mota, ban taɓa jin an tambayi gardi shaidar reno ba, amma duniya ta ci gaba ta bar mu a tasha.

Ya kama aiki. Ya karanta a waya cewa can ba a yi wa yaro tsawa, durƙusawa ake a tambaye shi abin da ke damunsa. Ya durƙusa. 'Yan biyun suka haye bayansa, autar ta kama kunnuwa ta mayar da su sitiyari. Haka nake ganinsa kullum a bakin layi, an zane masa riga da alli, takalmi ɗaya a kwata, yana murmushin wanda ya taka ƙusa a gidan surukai.

"Kawu, horo ne," in ji shi.

Na ce, "Na gani. Su ne ke ba ka."

Ranar kiran na koma shagon, don wandon bai samu ba har lokacin. Aka jingina waya a jikin keken ɗinki. A fuskar wayar ga wata mata mai tabarau daga sansanin, ga tafinta a gefe. Suka ce mai neman aiki ya fita, sai ya koma bakin taga ya laɓe.

Matar ta tambaya yaya yake da yara.

Maman 'Yan Biyu ta gyara ɗankwali. A saninta, in za ka yabi mai tsaron yara, hanya ɗaya ce.

"Ai wannan ba ya wasa! Tari kawai zai yi, ki ga yaro ya shiga taitayinsa. Hannunsa kamar guduma. Babban nawa da ya yi masa rashin kunya, kwana ya yi yana kwanciya rubda ciki."

Tafintan ya tsaya. "Baiwar Allah, in faɗa haka?"

"Faɗa mana! Kada ka rage masa daraja."

Ta ɗauki katakon awo ta maka a tebur, don a ga samfuri. Wannan bai buƙaci fassara ba. Matar ta cire tabarau. A taga kuma Mai Fasfo yana ta kaɗa hannu, autar na rataye a wuyansa tana cizon kwalarsa.

Kafin la'asar saƙo ya shigo: sun gode, sun fasa. Babu sansani, babu izini.

Ya shigo ido jajur. "Haba Anti! Ni da ko ƙuda ban taɓa kore musu da ƙarfi ba?"

"To da me zan ce? In ce yara na hawanka kamar jaki? Wa zai ɗauki irin wannan?" Ta zura zare a allura. "Gobe ka zo da wuri, ina da ɗinki da yawa. Hutu dai bai ƙare ba, ni kuma na cika nawa."

Har yau ban sani ba ko rashin sani ne ko sanin ne ya yi yawa. Na dai ga ba ta yi kama da mai nadama ba.

Ita ta samu mai reno kyauta, ta gama ɗinkin kowa ban da nawa. Yara sun samu abin hawa. Sansanin ya yi asarar mutum mafi haƙuri da na taɓa gani, bai ma sani ba. Mai Fasfo kuwa ya rasa tafiya, fasfon na nan fes a aljihu, ko tambari ɗaya bai ɓata shi ba.