Ranar da Nagode Ya Wuce Surukinsa

A shekarar da aka yanke waya aka kuma hana hawa babur, kowa a ƙauyen su Nagode ya koma wa tsohon kekensa. Gajeriyar hanyarsu ta zuwa titin Bakura ɗaya ce, kan gaɓar kanal ɗin noman rani, ruwa a dama, gangaren fadamar shinkafa a hagu. Keke biyu ba su jerawa sai ɗaya ya rage wa ɗaya. Shi ya sa wucewa take da ƙa'ida. Tsaranka, ka kaɗa masa ƙararrawa ya matsa. Babba kuwa ba a kaɗa masa, sallama ake yi a jira ya ce bismilla. In suruki ne, a sauka a durƙusa.

Ranar wata Laraba da hantsi Sakinatu, matar Nagode, ta haifi ɗanta na uku, jini ya ƙi tsayawa. Unguwar zoma ta leƙo zaure ta ce masa abin ya fi ƙarfinta, ya samo mota yanzu. Mota sai bakin titi. Ya fizgi keke, ko takalmi bai sa ba.

Bai yi rabin hanya ba ya hango damin kara a gicciye bayan wani keke, ya tare gaɓar kaf. Hular kawai ya gani ya san ko wane ne: Malam Yari, mahaifin Sakinatu. Mako biyu da suka wuce, cikin turmutsutsun kasuwar Mafara, ya kaɗa wa tsohon ƙararrawa bai gane shi ba, mahauta suka yi dariya. Ya je ya ba da haƙuri har sau biyu, tsohon ya ce ba komai, da irin muryar da ke nuna akwai komai.

Nagode ya ja birki ya yi sallama. Malam Yari ya amsa bai waiwayo ba, ya shiga tambayar gajiya da gona da yara, ɗaya bayan ɗaya, yana taka feda kamar mai jin barci. Nagode ya ce a gida ba lafiya, sauri yake. Tsohon ya ce ai ya san shi da sauri, duk Mafara ta shaida.

Namiji ba ya buɗe baki ya yi wa surukinsa zancen haihuwar ɗiyarsa. Nagode ya yi ta kewaye-kewaye, yana kallon karan yana rausaya a gabansa, har dai ya ajiye kunya.

"Baba, Sakinatu ce. Ta sauka, jini bai tsaya ba."

Nagode ya ga ƙeyar tsohon ta motsa, ya zaci zai matsa.

"Uwatta tara ta haihwa, ba ta ga mota ba. Sauka ka gaishe ni yadda aka gaida mutane, kana ka wuce."

Sauka da durƙuso ba su fi minti biyu ba, kuma da ya yi, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Amma ya san Malam Yari: bayan durƙuso akwai nasiha, bayan nasiha akwai kwance dami a hankali. Ya miƙe kan feda, ya sunkuyar da kai, ya kutsa ta hagu. Kafaɗarsa ta ɗauki bakin karan, keken tsohon ya juya, ya ji ƙarar ƙarfe a jikin simintin kanal, sannan ta ruwa. Ruwan iya gwiwa ne, wannan ya sani. Bai waiwaya ba.

Ya samu mota, ta zagaya ta hanyar shanu, aka kai Sakinatu asibiti ana riƙe da kanta. Aka ƙara mata jini leda biyu. Malamar da ta karɓe ta ta ce da an ƙara rabin awa, da ba wannan maganar ake ba.

Malam Yari kuwa ƙugunsa ya karye. Masu ban ruwan albasa ne suka tsamo shi, kuma kafin la'asar labari ya gama ƙauye: Nagode ya ture surukinsa cikin kanal ya wuce. A majalisa aka yi ta muhawara ko ya yi sallama ko bai yi ba, ta hagu ya bi ko ta dama. Da ya ce ya gaya wa tsohon halin da ake ciki, sai wani dattijo ya riƙe baki, ya ce ashe har zancen jini ya yi wa surukinsa, to wannan ya fi turewar muni.

Ranar sallama daga asibiti, yayyen Sakinatu biyu suka riga shi zuwa. Ya tarar ana sa ta a mota, jaririn a hannun gwaggonta Taibatu. Babban yayan, Murtala, ya ce gidan ubanta za ta, ta yi jinyar wanda mijinta ya nakasa, takarda kuma ya aiko da ita kafin suna. Nagode ya leƙa tagar motar. Sakinatu ta dube shi, leɓɓanta fari fat, ta buɗe baki, gwaggon ta ja mata mayafi ta rufe fuskar.

Bai aika da takardar ba, su ma ba su maido ta ba. A bakin mai shayi ya ji sunan da aka raɗa wa ɗansa.