Zobe a Gindin Saruz

Shekara talatin Dur Wali da Bulbul Aman suna jan zarto ɗaya, kowa da gefensa. Dur Wali masassaƙi ne, rabin ƙofofin katakon al'ul na kwarinsu shi ya sassaƙa. Bulbul kuwa ƙanin matarsa ne, mutum mai barkwanci.

Dokar dattawan ƙauyen ita ce ba a sare saruz, wani itacen kan duwatsu mai ƙamshi, in yana da rai, sai wanda ya mutu da kansa. A saman gonar Dur Wali akwai wani tsohon saruz da mahaifinsa ya hana a taɓa ko da reshensa. Sai ga shi cikin shekara biyu ganyensa ya yi ja, ya zube. Dur Wali ya ji kamar an yi masa rasuwa.

"Yaya, kuka ba ya tsiro da ganye," in ji Bulbul, suna shan shayin gishiri. "Akwai mai masauki a garin Chitral da ke son ƙofa mai ƙamshi. Ko sai gara ta riga mu?"

Dur Wali ya nemi izinin yanka shi, dattawa suka duba, suka ba da izini.

Ranar yankan, Dur Wali ya durƙusa yana kawar da duwatsun gindin, don ba ya son asarar ko taƙi ɗaya na itacen.

"Bar duwatsun nan, mu yanka daga sama," in ji Bulbul. "Bayanka ba na saurayi ba ne."

Bai bari ba. Da ya tone ƙasa sai ya ga an sassare ɓawon, an yi wa gindin zobe, an shafe da laka. Ashe kashe shi aka yi. Ya sa yatsa cikin saran. Kowane sara da ɗan tudu a tsakiya, shaidar gatari mai giɓi. Ya san giɓin nan. Na gatarinsa ne, wanda Bulbul ya ara shekara uku da suka wuce, wai zai faskara itacen hunturu.

"Bulbul, kai ne?"

Bulbul ya kalli dutse, ya kalli sama. "Itace ne fa, Yaya. Yana tsaye ba ya ciyar da kowa."

"Ka zauna a gidana kana ba ni haƙuri, alhali kai ka kashe shi? Zan kai ka gaban dattawa."

"Kai ni mana. Su tambaya gatarin wa, gonar wa, wa ya nemi izini."

Da murmushi ya faɗa, kamar yadda yake faɗar komai. Wannan ya fi saran yi wa Dur Wali ciwo. Ya saki gefen zartonsa ya gangara gida.

Duk da haka ya je, bayan sallar Juma'a, ya ajiye gatarin a gaban dattawa ya faɗi komai. Bulbul ya rantse bai taɓa aronsa ba. Wasu suka yarda da wannan, wasu da wancan. Aka yanke cewa babu mai taɓa itacen, ya ruɓe a inda yake.

Matarsa Zarnigar ta daina ambatar ƙaninta a gabansa, amma tana kai masa gurasa a ɓoye, Dur Wali kuma yana yin kamar bai gani ba. Wannan kakar, mutum biyu da suka ba shi aikin akwatin amarya suka fasa, suka aiko a karɓo katakonsu.