Ranar Shuka a Waya

Mahamud shi kaɗai ne mai rubuta manhaja a kamfanin iri da taki na Alhaji Mai Nasara da ke Zinder. A buro ana kiransa "mai ordinatar", wato mai kwamfuta, saboda haka in rezon intanet ya ɗauke, shi. In fanka ta tsaya, shi. Har wayar uwargidan Alhaji in ta cika da hotuna, gabansa ake ajiye ta. A cikin wannan hidimar ya gina tsarin da ke aika wa manoma farashin hatsi ta mesaj. Abin ya karɓu, kuma karɓuwar ce ta ja masa.

Ana dab da damina Alhaji ya dawo daga wani taro a Yamai, ya tsaya a kansa ko sallama babu.

"Ina son waya ta riƙa gaya wa manomi ranar da zai yi shuka. Kafin Juma'a."

"Ranka ya daɗe, wannan aikin masana yanayi ne, da na'urorin awon ruwa a kowane ƙauye. Ni kaɗai ne a nan."

"Waɗanda na gani a Yamai kai bibbiyu gare su? Ai na riga na faɗa a rediyo."

Mahamud ya koma kan ordinatar. Ya jona tsarin da wani hasashen kyauta na intanet, wanda ke yi wa ƙasar Damagaram duka kuɗin goro, ya tsara saƙo: "Wataƙila a samu ruwa makon nan. Ku duba damshin ƙasa kafin ku shuka."

Alhaji ya karanta, ya taɓe baki. "Wa zai sayi iri a kan wataƙila? Rubuta: ruwa ya sauka, a yi shuka."

"Idan kuma ya ɗauke fa?"

"Mahamud, yaran jami'a na nan birjik suna neman kujerar nan."

Ya tuna da matarsa Nafisa da tsohon cikinta. Ya goge, ya rubuta, ya aika.

Ruwa ya zo sau ɗaya, mai kyau, sannan sama ta yi tas. Gero ya tsiro a ƙauyukan Gaffati da Dogo, ya yi kore shar, rana ta bi shi ta ƙone. Da wakilan manoma suka zo buro da ƙorafi, Mahamud na kawo musu kujeru ya ji Alhaji yana cewa, "Ku yi haƙuri, yaron da ke kula da na'urar ne bai ƙware ba. Na ja masa kunne."

Ranar Lahadi ya hau babur ya tafi Dogo wurin Kawu Ɗanƙarami, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Ya same shi a gona yana sake shuka da geron da ya ɗebo daga rumbun ci. Suka gaisa. Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Mutane sun so su jira ruwa na biyu," ya ce. "Ni na bi su gida-gida, na ce ɗan ƙanwata ne ke rubuta saƙon nan, ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba. Yanzu in na shiga masallaci, sai a matsa a ba ni wuri mai faɗi."

Mahamud ya buɗe baki zai yi bayani, sai waya ta yi ƙara. Alhaji ne.

"Kana ina? Na yi wani tunani. Tunda na ruwan bai yi ba, mu sa ta riƙa faɗin ranar da farin ɗango za su zo. Maganin feshi ya iso."

Mahamud ya dubi ramukan da kawunsa ke rufewa da diddige, ɗaya bayan ɗaya.

"To, ranka ya daɗe," ya ce.

Ya miƙa hannu zai karɓi sungumi. Kawu ya ƙi saki.

"Bari, za ka ɓata takalminka. Je ka, ana jiranka."