Ɗantsoho Ya Haddace Littafin Dillanci

Duk ɗalibin da ya sauka unguwar Darrasa a Masar da akwatinsa, kafin ya gane hanyar masallaci ya riga ya san Ɗantsoho. Shi ne dillalin gidajen haya na Hausawan unguwar, simsar in ji Misrawa. Ya san benen da ruwa ba ya hawa bayan la'asar, ya san maƙwabciyar da ba ta jure ƙarar turmi. Daga Gusau ya zo karatu shekara ashirin da biyu da suka wuce, karatun kuwa yana nan inda ya jingine shi a aji uku. Ba wai kansa ba ya ja ba ne. Ɗakin jarrabawa ne jininsu bai haɗu ba: da an raba takardu sai cikinsa ya murɗa, ya nemi izinin fita, daga nan kuma sai baɗi.

A shekarar 2014, saura wata biyu sababbin ɗalibai su iso, wani kamfani ya karɓi kula da benaye shida a unguwar, ya zo da sabuwar doka. Ba za a bar makullai a hannun dillali ba sai ya yi kwas na sati uku a ofishinsu na Ma'adi, ya ci jarrabawa, an ba shi shaida. Wanda ya faɗi, ya ajiye makullai. Benayen nan shida kuwa da su Ɗantsoho ke ci da iyalinsa.

Da ya kawo labarin gida, matarsa Mardiya ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa.

"Jarrabawa fa ka ce, Malam? Bari in tanadi maganin ciwon ciki tun yanzu."

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa," in ji shi. Ya yi dariya, amma a ransa tsoro ne fal.

A kwas ɗin aka ba kowa littafi mai shafi arba'in da takwas: yadda ake auna ɗaki, haƙƙin mai gida, haƙƙin ɗan haya, da samfurin takardar yarjejeniya a ƙarshe. Sauran dillalai, samarin Masar masu ƙananan kaya, suka riƙa ja masa layi da biro. Shi kuwa Ɗantsoho hanya ɗaya ya sani ta yi wa littafi ladabi, wadda aka koya masa tun yana yaro. Bayan sallar asuba ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe shafin farko, ya fara bita yana rangaji. A jirgin ƙasa na metro ma bita yake, murya ƙasa-ƙasa da ƙira'a, har wani dattijo ya tashi ya ba shi kujera yana neman ya sa shi a addu'a. Bawan Allah bai san sharuɗɗan gyaran famfo ake karantawa ba.

Cikin kwana goma sha takwas ya sauke littafin. Mardiya ta riƙe masa, ya kawo shi daga bango zuwa bango ba gyara ko ɗaya.

"Tamam," in ji ta. "Amma ka gane abin da ke ciki?"

"Wanda ya haddace ai ya wuce ganewa."

Ranar jarrabawa aka ba kowa bayanin wani gida da sunan wanda zai kama shi, da farar takarda, aka ce ya rubuta musu yarjejeniya. Cikin Ɗantsoho ya murɗa kamar yadda ya saba. Ya dubi ƙofa, ga ta nan a buɗe, taku biyar. Har ya dafa tebur zai miƙe, sai bakinsa ya kama layin farko na shafi na arba'in da biyar da kansa, hannu ya bi baki. Ya rubuta, ya rubuta, bai ɗaga kai ba sai da aka ce a ajiye biro. Ya fito yana jin kansa wani sabon mutum.

Bayan kwana biyu malamar kwas ɗin, Madam Ilham, ta kira shi ofis. Takardarsa na gabanta, tana ta ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Ustaz, wane ne Hasan Tijjani?"

"Ɗan haya mana."

"Ɗan hayan cikin littafi ne, babu shi a duniya. Gidan Darrasa na ba ka, ka rubuta mini na Giza da ke cikin samfuri. Kwanan watan ma na shekara uku baya ne. Har lambar shafi ka sa mini a ƙasa."

Ɗantsoho ya karɓi takardar tambayar, ya karanta ta a karo na farko. Kunya ta rufe shi. Gidan da aka ba shi ma shi ya sa mutum huɗu a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Madam, wannan ai na san shi. Tagar kicin ɗinsa ba ta rufuwa."

"Na yarda ka fi mu saninsa. Ma'alish, sai haƙuri, ba ka ci ba. Akwai wata jarrabawar bayan sati uku, in kana so." Ta tura masa rajista, ta kuma miƙa hannu. Ya sa sunansa a rajistar, sannan ya kwance tarin makullan daga ƙugunsa ya ɗora mata a tebur. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da ya isa gida Mardiya na tsintar shinkafa, ba ta ji shigowarsa ba sai da ya yi sallama. Ta dubi ƙugunsa, ba makullai, ta gane.

"Na faɗi," in ji shi.

"Faɗuwa ka yi, ko fita ka yi?"

"Faɗuwa. Har ƙarshe na zauna."

"Alhamdu lillahi! Malam, tun da na aure ka ban taɓa jin ka zauna har an samu abin kayar da kai ba."

Ya tura littafin ƙarƙashin kujera, ya ɗauko farar takarda da biro, ya zauna gabanta a kan darduma.

"Yalla, ke ce 'yar haya, wannan gidan kike so. Sunanki?"

"Shekara goma sha tara muna tare, yau kake tambayar sunana?"

"Don Allah ki faɗa. A hankali."

Ta ga da gaske yake, sai ta daina dariya. Ta ture farantin shinkafar gefe, ta gyara zama, ta faɗa masa sunanta da na mahaifinta, shi kuma ya rubuta.