Sallama a Ƙofar Kufai

Shekarar da aka ce an yi sulhu da mutanen daji, kowa a Birnin Gwari ya ɗan saki jiki. Masu gona suka koma gona, motocin hatsi suka fara shigowa kasuwa, har wasu na cewa ai abin ya wuce. To a cikin wannan sakin jikin ne Rhoda, 'yar gidan George mai gyaran injin niƙa, ta dawo hutu daga jami'a a Zariya, ta tasa maƙwabcinsu Malam Abarshi a gaba.

Karatun yarinyar nan wani iri ne. Ita dai a nuna mata tsohon kufai, ta tona ƙasa, ta tsinto tsingaro ta riƙa goge shi kamar ta samu zinariya. Ran nan ta zauna a zauren Malam Abarshi tana nuna masa hoto a waya. Wasu duwatsu ne jere a kan tudu, can ƙasar Turai, wai sansanin sojan Rumawa ne tun kafin zuwan Musulunci.

"Baba, dubi yadda suka haƙa rami suka zagaye bangon. Mutane har jirgi suke hawa su je kallo."

Tsoho ya karkata kai, ya ƙanƙance ido. "Wannan ɗan shingen? Haba 'yar nan. Ganuwar kakannina ta bayan Kakangi ai sai ta haɗiye shi ba ta sha ruwa ba. Da gwalalonta, da ƙofarta, da komai."

Da ya sani da ya kama bakinsa. Tun daga ranar ba ta bar shi ya yi sakat ba, wai sai ya kai ta ta gani. Uban ya ce sam, ba inda za ta. Malam Abarshi da kansa ya taka har shagon George.

"Ni zan kai ta, ni zan dawo maka da ita. Tun tana rarrafe take cin tuwon gidana, ni kuwa zan kai ta inda za ta cutu?"

George ya daɗe yana murza tsumma a hannu kafin ya ce, "Malam, ita kaɗai gare ni. Ka sani."

Washegari da hantsi suka hau babur. Bayan Kakangi hanya ta tsuke ta koma turbar ƙafa. Gonakin da aka gudu aka bari duk ciyawa ta cinye su. Rhoda da ke ta zuba surutu a baya ta yi shiru da kanta, don ko kukan akuya babu, sai ƙarar injin da karauniyar ganye.

Ganuwar kuwa tana nan. Ruwan sama ya zaizaye ta, itatuwa sun tsiro a kanta, amma har yanzu ta fi tsayin ɗaki. A gabanta ga gwalalo, ramin nan da magabata suka haƙa don tare dawakin abokan gaba, ciyawa da sarƙaƙiya sun rufe shi. Tsoho bai gama jingine babur a gindin ɗorawa ba, yarinya ta ɗaure mayafinta a kujerar, ta ɗauki igiyar awonta mai ruwan ɗorawa, ta danne bakinta da dutse a gefen ramin, ta sulale ciki.

"Baba, ka shiga, bari in auna zurfin nan in same ka."

To su gidansu Malam Abarshi akwai abin da suka gada. Ba a shiga kufan nan da takalmi, ba a kuma shiga a ɓoye kamar ɓarawo, don kakanninsu na kwance a ciki. Mutum zai tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, yadda zai yi a gidan babban mutum, ya ɗan saurara, sannan ya shige. Haka ya ga ubansa yana yi, haka shi ma ya yi duk zuwan da ya taɓa yi. Bai tsaya tunanin wane zamani ake ciki ba. Ya tuɓe takalmi, ya gyara murya.

"Salamu alaikum, mutanen gida!"

"Wa alaikumus salamu. Shigo mana, Baba."

Tun yana yaro yake wannan sallama, ba a taɓa amsawa ba. Ƙafarsa ta ce ya juya da gudu, amma in ya gudu za su biyo shi, in sun biyo shi kuwa ta bakin gwalalo za su bi, inda Rhoda take. Sai ya shiga.

A ƙarƙashin manyan kukoki ga babura jere, ga shanu a ɗaure, ga hayaƙin nama. Samari ne, wasu a kwance, wasu a zaune, kowa da bindiga a cinya. Wanda ya amsa ya rufe fuska da rawani, ido kawai ake gani.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, ɗana. Kakannina na zo gaisarwa." Ya ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, ko Allah zai sa Rhoda ta ji.

"Kurma ne a nan da kake mana ihu? Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙofa, wani siririn saurayi ya je ya turo babur ɗin. Ya warware mayafin, ya ɗaga shi sama, ya shinshina.

"Kai! Tsoho da turare! Ina amaryar?"

Suka bushe da dariya. Malam Abarshi ma ya yi yaƙe. "Na tsohuwata ne. Kujerar ce ta yage, nake ɗorawa."

Siririn ya yafa mayafin a kafaɗa, ya taka har bakin gwalalo, ya tsaya yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon ciki. Kusa da ƙafarsa, ga bakin igiyar awon nan, rawaya a fili a kan jar ƙasa. Malam Abarshi ya ga ta motsa. A hankali, a hankali, ta zame daga ƙarƙashin dutsen, ta ja jiki cikin ciyawa ta ɓace.

Mai rawani ya lalube aljihunsa ya zare wayarsa. "Babur ya zama namu. Matattunka sun ji gaisuwa. Ka tafi, in ka waiwaya a nan za ka kwanta tare da su."

Ba su bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Ɗaya ya hau babur yana binsa a baya, yana zungurinsa da taya, har sai da ganuwa ta ɓace a cikin itatuwa, sannan ya juya.

Ga tsoho a tsaye a turba, ba takalmi. Gaba Kakangi ce, da mutane, da ruwan sha. Ya yi 'yan taku ya tsaya. Ya je ya ce wa George me? Kafin a tara 'yan sa-kai a zo, ai an daɗe da samun yarinyar.

Ya ratse cikin daji, ya yi zagaye mai nisa har ya faɗa rafin da gwalalo ke zubar da ruwansa. Daga nan ya durƙusa. Mutumin da ko sujada sai ya dafa bango yake tashi, shi ne ya kama rarrafe cikin sarƙaƙiya, ƙaya na yagar rigarsa. Yana matsowa yana jin muryoyinsu a sama, da rediyo, da wani yana tari. Kowane busasshen ganye da ya danne, ji yake kamar duk dajin ya ji.

Ƙafar Rhoda ya fara gani. Tana kwance rub da ciki, ta cusa hannun rigarta a baki ta cije. Ashe a kan hanyar kwarkwasa ta kwanta. Sun baƙanta ƙafafunta har gwiwa, suna cizo, ita kuwa ko motsi. Da ya taɓa ta, jikinta ya zabura gaba ɗaya, ya yi maza ya toshe mata baki. Ƙasa ta zubo musu daga sama. Wani ne ya zo ya tsaya daidai kansu. Suka lafe, kwarkwasa na hawa hannun tsoho, har wancan ya gama abin da yake yi ya koma.

Da rarrafe suka fita, ita a gaba, shi a baya. Haka suka yi ta tafiya har suka hango rufin kwanon Kakangi, inda wani mai ɗaukar buhunan masara ya ɗora su a bayan mota.

La'asar sakaliya suka iso. George na zaune a ƙofar shago, injin da ya kwance tun safe yana nan a kwance. Ya dubi ƙafafun 'yarsa da suka kumbura, ya dubi tsoho da jini a gwiwa, ya miƙe tsaye.

Malam Abarshi ya kamo hannun Rhoda ya sa a na ubanta. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa. Aka kawo masa ruwa a kofi, ya kasa riƙewa. George ne ya durƙusa ya kai masa baki.